Kujera Biyu a Jirgin Ƙasa

Ranar da labarin ya iso ni ina tuyar ƙuli-ƙuli. Tun da hantsi na matse gyaɗa, mai yana cikin kwano, hannuna duk maiƙo, sai waya ta yi ƙara a bisa turmi. Da gefen zane na ɗauke ta. Haris ne, mijin ɗiyata Zuhaira. Shekara tara ke nan da ya tafi da ita ƙasar Turawa, can inda ya yi karatu ya samu aiki, kuma a duk shekarun nan sau biyu ta taka garinmu Belbeji.

Haris mutum ne mai doguwar gaisuwa, har awaki yake tambaya. Ran nan bai tambayi kowa ba. Ya ce, "Inna, ki samu wuri ki zauna." Na ce a zaune nake, alhali ina tsaye. Ya ce ciwon nonon da aka yi wa Zuhaira aiki a kansa bara ya dawo, ya shiga ƙashi, ya shiga huhu. Likitoci sun ce da wuya ta wuce wata biyu. Ba ta iya hawan jirgi ta zo gida. Magana ɗaya take ta maimaitawa, a kawo mata Innarta.

Ƙuli-ƙulin ya ƙone a kasko. Ban kwashe shi ba sai da maƙwabciyata ta leƙo ta saman danga tana tambayar abin da ke ƙauri.

Haris bai yi sakaci ba, wannan zan faɗe shi ko a gaban wa. Kafin kwana uku ya turo komai ta waya: takardar asibiti mai hatimin babban likita, takardar gayyata da sunana, shaidar gidan da suke zaune, da tikitin jirgin sama na zuwa da na dawowa. Fasfo ina da shi tun lokacin da Zuhaira ta haifi ɗiyarta, aka yi niyyar in je, ban je ba. Biza kaɗai ta rage, ita kuwa sai a Yamai.

Maigidana Manzo ya karɓi wayar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, kamar zai gane wani abu a ciki. Sannan ya ce, "Aikin takarda ai sai Almustafa."

Almustafa ƙaninsa ne. Yana da shekara bakwai aka kawo ni gidan nan amarya, ni na yi masa wanka, ni na dinga shanya tabarmar da yake jiƙawa har ya kai aji uku a lakwal. Yanzu yana Yamai, yana da wani ɗan shago mai kwamfuta biyu da hoton jirgin sama a bisa ƙofa, yana cika wa mutane takardu. Idan ya zo Belbeji da salla sai ka ji ana Mushe Almu, Mushe Almu, irin kiran girma na Faransanci, ana shimfiɗa masa darduma. Yana sa tabarau wanda ba na ciwon ido ba. In ya yi maganar Turai, sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. Iyakar tafiyarsa Kwatano, shi ma da kwana huɗu ya dawo, wai abincinsu bai karɓe shi ba.

Manzo bai raka ni ba, lokacin jiran shuka ne, ba ya barin gona. Na hau bayan mota a kan buhunan gero har Damagaram, daga nan na shiga bis, kwana da wuni ina zaune har ƙafafuna suka kumbura. Almustafa ya tare ni a tasha. Ko ruwa ban sha ba na ce mu wuce shagon.

Ya fitar da takardun Haris daga na'ura ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta asibiti sai ya gyara tabarau, ya karanta, ya yi tsaki.

"Yaya, wa ya ce wa yaron nan ya turo wannan?"

"Ba ita ce dalilin tafiyar ba?"

"Ita ce za ta hana tafiyar. Ke ba ki san Bature ba. Da ya ga ɗiya kwance, ga jika ƙarama, sai ya ce wannan tsohuwa in ta shiga ba ta fitowa, reno za ta zauna yi. Nan take ya buga miki jan hatimi. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki."

"To me za a ce na je yi?"

"Yawon buɗe ido."

Na dube shi. Na ce, "Almu, ni? Da wannan kaushin?"

Ya yi dariya, ya ce kaushi ba ya fita a hoto. Ya ninke takardar asibiti biyu, ya jefa ta cikin aljihun tebur, ya haɗa da ta gayyatar. A wurin da aka tambaya ko ina da dangi a ƙasar, ya danna babu. Da idona na ga ya danna, sai dai ban san abin da ya danna ba sai daga baya.

Na ce a kira Haris a gaya masa. Ya ce mutumin da matarsa ke kwance ba a ɗora masa wani nauyi. Da Haris ya kira da kansa, Almustafa ya ce masa, "An shigar da komai, ka kwantar da hankalinka." Haris suruki ne. Ba ya iya buɗe baki ya ce wa ƙanin uban matarsa, nuna mini abin da ka rubuta. Ya yi godiya ya kashe waya.

Daga nan aka shiga maganar jirgin ƙasa. Almustafa ya jingina da kujera, ya ɗaga yatsa kamar mai wa'azi.

"Tikitin jirgin sama kowane ɗan iska yana da shi. Abin da ke sa dosiye, wato tarin takardunki, ya yi nauyi, tikitin jirgin ƙasa ne. Shi ke nuna musu ran kaza kina gari kaza, ran kaza kin tashi, ran kaza kin komo bakin filin jirgi za ki gida. In Bature ya ga wannan, sai ya ce lallai matar nan ta san abin da take yi. Sirrin aikin ke nan. Sauran masu shaguna ba su san shi ba."

Ya zaɓo mini garuruwa uku. Ɗaya mai kogi, ɗaya mai tsohon gini, ɗaya mai duwatsu da ƙanƙara a kansu. Garin da Zuhaira take kwance ba ya cikinsu. Na tambaye shi, ya ce in na sauka sai in yar da tikitocin in nufi wurin ɗiyata, wa zai bi ni?

Muna cikin haka Manzo ya kira. Almustafa ya buɗe muryar waya don in ji, ya shiga ba yayansa labarin jirgin ƙasa, tsawonsa, gudunsa, yadda ake shan shayi a ciki kofi bai motsa ba. Manzo ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi.

"A jirgin nan, maza da mata a haɗe ake zama?"

"A haɗe, Yaya."

"To a saya mata wuri biyu. Kada wani ƙato ya zo ya matse ta."

Duk wanda ya san tashar Tanut ko ta Belbeji ya san wannan. Matar babban mutum in za ta yi tafiya, wuri biyu ake biya mata a gaban mota, ta zauna ita kaɗai, ta ajiye jakarta a gefe. Haka ake wa matar sarki, haka ake wa matar Alhajin da ke sayen shanu. Shekara talatin da shida ina auren Manzo, ina hawa bayan mota, gwiwar wani a bayana, akuyar wani a cinyata, bai taɓa tunawa ana matse ni ba. Sai a jirgin da ya san ba zan hau ba.

Almustafa ya buga tebur. "Wallahi Yaya ka yi tunani! Wannan ma zai nuna musu Hajiya ce, ba mai neman abinci ba." Ya rubuta sunana sau biyu a kowane jirgi. Balki Manzo, kujera ta arba'in da ɗaya. Balki Manzo, kujera ta arba'in da biyu. Jirgi uku, tikiti shida.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ɗiyata tana can tana numfashi da robar iska a hanci, ni kuma ina shagon Almu ina murmushi don an saya mini kujera biyu. Duk lokacin da na tashi zagin mazan nan, sai na tuna da murmushin nan nawa, in haɗa da kaina.

Kwana goma sha biyu muka jira ranar randebu, wato ranar da ofishin biza ya ce mu zo. Kullum in ya dawo daga shago, Almustafa ya zaunar da ni a tsakar gida kamar ɗaliba, matarsa tana tankaɗe tana ƙunshe dariya.

"Ran biyar ga wata ina za ki?"

Sai in faɗi sunan garin mai kogi.

"Ba haka ake faɗi ba! Ki tura leɓe gaba. Me za ki gani a can?"

"Kogi."

"Ki ce kogi da gadoji. Ki yi fara'a, Yaya, mai yawon buɗe ido ba ta ɗaure fuska."

Wata rana ya ɗauke ni a babur ya kai ni bakin gari, wajen hanyar Doso, ya tsaya. Ga wasu ƙarafa biyu shimfiɗe a ƙasa, sun miƙe har inda ido ya ƙare. Yashi ya rufe rabi. Wata mata ta shanya tattasai a tsakaninsu, awaki suna kwance a kai suna tuƙa.

"Wannan shi ne dogo," in ji shi. "A kansa jirgin ƙasa ke tafiya. Ki dube shi da kyau, in an tambaye ki, kin san shi."

"Ina jirgin?"

"Babu. Amma can akwai."

"Kai ka taɓa hawa?"

Ya ce rana tana yi, mu tafi.

Ranar randebu muka kai dosiye, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, aka ce mu jira. Bayan mako guda aka kira waya, wai ana son ganina ni da kaina. Almustafa ya ce alama ce mai kyau, manyan mutane kaɗai ake kira. Ya sa matarsa ta ara mini leshi da mayafi mai duwatsu. Shi an tsayar da shi a bakin ƙofa, duk da ya yi ta yi wa mai gadi Faransanci.

Ɗakin sanyi kamar cikin randa. Wata Baturiya tana bayan gilashi, ba tsohuwa ba, ba yarinya ba, gashinta a ɗaure. A gefena aka zaunar da tafinta, wani dattijo mutumin Maraɗi mai furfura a gemu. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce duk abin da na faɗa shi zai faɗa, ba ya ƙari, ba ya ragi.

Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi abin da za ni yi, na ce yawon buɗe ido. Ta tambayi sana'ata, na ce man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta tambayi inda za ni ran biyar ga wata. Na tura leɓe gaba na faɗi garin, na ƙara da kogi da gadoji. Har na yi fara'ar.

Sai ta jera tikitocin shida a gabanta, biyu-biyu, ta juyo da su ta yadda zan gani ta cikin gilashi. Ta sa bakin alƙalami a kan ɗaya, ta sa a kan na kusa da shi.

Tafinta ya ce, "Tana tambaya, wa zai zauna a kujera ta biyu?"

"Babu kowa."

"Ta ce kujera biyu aka saya a kowane jirgi. Da wa za ki yi tafiyar?"

"Ni kaɗai. Ta biyun don kada a matse ni ne."

Dattijon ya dube ni, na ga ya gane sarai, don shi ma ɗan ƙasar nan ne. Ya juya ya yi mata bayani mai tsawo, har yana gwada faɗin kujerar mota da hannu. Ba ta yi dariya ba, ba ta ɗaure fuska ba. Ta rubuta wani abu. Ta sake magana.

"Ta ce a can ba a matse kowa, kowa da kujerarsa. Ta ce wanda ya sayi wuri biyu, mutum biyu ne. Ko akwai wanda zai tare ki can, wanda ba a rubuta sunansa ba?"

Almustafa bai koya mini amsar wannan ba. 

"Ta ce, kina da wani naki a ƙasar? Ɗa, ko ɗiya, ko ɗan'uwa?"

Na san abin da ake so in ce. Kalma ɗaya ce, babu. Na buɗe baki. Na haifi biyar, uku na binne su tun suna goye, ɗaya yana Libiya ba ya kira. Zuhaira ce ta rage mini, tana can tana jirana. A ce in zauna cikin leshin aro in ce ba ni da ita? Harshena ya ƙi.

Na ce, "Ina da ɗiya. Sunanta Zuhaira. Tana asibiti, an ce ba za ta tashi ba. Ni ba kogi za ni gani ba. A Damargu aka haife ni, na saba da rashin kogi."

Tafinta ya sunkuyar da kai kafin ya fassara. Baturiyar ta buɗe dosiye, ta duba shafi-shafi har ƙarshe, ta komo farko. Ta tambayi ina takardar asibitin. Na ce tana aljihun teburin ƙanin mijina. Ta nuna mini wani ɗan akwati a takarda, da alama a cikinsa, da sa hannuna a ƙasa. Tafinta ya ce, "Nan an rubuta ba ki da kowa a can. Kuma kin sa hannu."

Da muka fito, dattijon ya biyo ni har bakin ƙofa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, wa ya haɗa miki wannan dosiye? Da takardar likitan kawai kika kawo, irin taku ce ake dubawa da gaggawa." Almustafa yana tsaye a rana da tabarau, yana yi mini alama da hannu, yaya aka yi, yaya aka yi.

Bayan kwana huɗu fasfo ya dawo babu biza. An haɗo da takarda mai cewa bayanan da na bayar ba abin dogaro ba ne. A wannan kam ba su yi ƙarya ba.

Ran nan na kira Haris da kaina na gaya masa komai.  Bai zagi kowa ba, tarbiyyarsa ba ta bari. Ya ce a sake nema da takardun gaskiya, zai sa likita ya rubuta wata sabuwa. Ya ce kada a gaya wa Zuhaira, a bar ta a kan takardu sun kusa. Na je shago na buɗe aljihun teburin da hannuna, na ciro takardar asibiti. Akwai da'irar gindin kofin shayi a kanta. Aka nemi sabon randebu, aka samu, sai nan da mako bakwai. Haris ya yi ta aika wasiƙu a matso da shi. Kafin a amsa masa, ran kwana na goma sha tara, ya kira ni da azahar. Wannan karon bai ce in zauna ba.

A can aka binne ta. Na komo Belbeji aka yi zaman makoki ba gawa.

Almustafa ya iso ranar sadakar bakwai. Maza suna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, mu mata muna ciki, dangar kara ce kawai tsakaninmu. Aka yi addu'a, aka shafa. Sai na ji muryarsa ta tashi, irin muryar da yake yi in ya ga mutane sun taru.

"Dosiyen nan, wallahi ban taɓa haɗa mai kyansa ba. Otel akwai, inshora akwai, jirgin ƙasa har uku. Bature da kansa ya kira ta, kun san ba kowa ake kira ba. Abu ya riga ya faɗo hannu. To amma mace, in ba ta yi lakwal mai zurfi ba, sai a hankali. Kalma ɗaya aka ce ta faɗa. Da ta riƙe bakinta, da da ita aka yi jana'iza."

Na ji maza suna cewa, "Allah Sarki." Wani ya ce, "Mata ai sai haƙuri." Na saurara in ji Manzo. Ya yi gyaran murya ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara."

Na tashi. Maƙwabciyata ta riƙe mini zane, na fizge. Na shiga ɗaki na ɗauko ambulan da Almustafa ya ba ni in riƙe a jaka ranar tafiya, na fita ƙofar gida ba ko takalmi. Ban taɓa tsayawa a gaban mazan unguwa haka ba. Liman ya kawar da kai. Na durƙusa a gaban tabarmarsu, na jera tikitocin a ƙasa, biyu-biyu, kamar yadda Baturiyar ta jera.

Na ce, "Ga su nan. Kujera shida, babu wanda ya zauna. Mushe Almu, kai da ka san jirgin ƙasa, gaya musu yaushe ka hau."

"Yaya, ba nan ne wurin..."

"Gaya musu takardar likita kuma, a ina ta kwana. Gaya musu kalmar da ka ce in faɗa. Ku da kuke cewa Allah Sarki, kalmar ita ce in ce ban haifi Zuhaira ba. Wanda zai iya faɗin haka a kan ɗansa a cikinku, ya ɗaga hannu in gan shi."

Babu wanda ya motsa. Almustafa ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. Na juya wajen Manzo.

"Kai kuma Malam, an gode da wuri biyu. Ba a matse ni ba."

Na koma ciki. Aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, aka aiko mini da rubutu in sha. Almustafa ya koma Yamai tun kafin la'asar. Ina jin har yau shagonsa yana nan, da hoton jirgin, mutane suna layi. Da salla ya aiko mini da turmin atamfa, na ba mutumin da ke kawo mana ruwa ya kai wa matarsa. Manzo muna gida ɗaya, ina dafa masa, ina kai masa ruwan alwala. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba. Tikitocin ban san wanda ya kwashe su ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kwana biyu kafin ta cika, ina Yamai ina jiran randebu na biyu, Zuhaira ta turo mini saƙon murya. Gajere ne, tana yi tana hutawa. Ta ce, "Inna, Haris ya ce takardu sun kusa. Ki taho da mayafi mai kauri, nan ko da damina sanyi ake. Inna, an yi ruwa a gida? Baba ya yi shuka a gonar Tarka? Nan kullum ruwa, amma ba ya ƙamshin ƙasa."

Na saurara ya fi sau goma. Ban amsa ba. Yarinyar nan ta san muryata, da na ce mata uffan za ta ji ƙarya a ciki. Na ce bari in jira a matso da ranar, in kira ta da labari mai daɗi gaba ɗaya. Wannan ba Almu ne ya yi shi ba, ba Manzo ba ne, ba Baturiya ba ce.

Haris ya ce wayarta tana cikin akwatin kayanta, a kashe, yana ajiye wa ɗiyarsu. Lambar tana nan a tawa. Kowace safiya in na share tsakar gida, kafin in ɗora wuta, sai in tsaya in dubi gabas, in danna wurin magana. Ba na tsawaitawa. In ce mata yau akwai hadari amma iska ta kore shi. Ko in ce an yi yayyafi, bai jiƙa ƙasa ba. Da rani ma ina faɗa mata, duk da ta san ba a ruwa da rani. Yau na ce mata an yi ruwa jiya da la'asar, mai yawa, har ya kwanta a bayan gida, kuma Babanki ya tafi Tarka da iri.